Ƙafar Alade a Watan Ƙari

Tun da Pei-shan ta sauko daga bene tana waƙa na san akwai magana.

Wata biyu cur yarinyar nan ba ta ce wa ubanta uffan ba. Ta gaishe shi da ka, ta wuce wurin aikinta a asibitin haƙori, ta dawo ta rufe ɗaki ta yi ta kuka har idanunta su kumbura. Yau kuwa, ranar da Uwargida Tsai za ta zo da ɗanta Po-wen a tsayar da ranar baikonsa da ita, sai ga ta da fara'a har kunne.

"Baba, ni zan yi abincin baƙin nan. Gwaggo ta huta."

Ƙanina Tien-fu, uban nata, ya saki sandar da yake jan taliya da ita, ya kalle ni cike da murna.

"Yaya, kin ji ko? Ba na ce miki za ta sauko ba?"

Ni na raini yarinyar nan tun uwarta ta rasu ta bar ta tana rarrafe, na san dariyarta ta gaske, na kuma san wadda take yi in ta ɓoye wani abu a bayanta. Shekararta ashirin da tara yanzu, amma fuskar ba ta sake ba.

Wanda take so shi ne Yao-ting, makanikin injin jiragen kamun kifi. Yaron ba shi da wani aibu da na sani, ban da baƙin mai a farce. Da danginsa suka kawo takardar ranar haihuwarsa, muka haɗa da tata muka ajiye a teburin kakanni kwana uku, kamar yadda ake yi. A kwana na biyu kwano ya zame daga kan kanta ya tarwatse. Tien-fu ya ce kakanni sun yi magana, ya mayar da takarda, ya rufe ƙofa. Mutum ne da ba ya wasa da alama, balle tun bara da aka yi masa aiki a zuciya. Ni ma na goyi bayansa, ba zan ɓoye ba.

"Me za ki dafa musu?" na tambaye ta.

"Nama da taliya kawai, Gwaggo. Abu mai sauƙi. In zuba a tukunyar lantarki ta yi ta dahuwa a hankali, in na taso aiki in sauke."

"Wane nama?"

"Nama dai."

"Naman ba shi da suna?"

"Haba Gwaggo! Rana na yi, ku je ku shanya taliyarku kafin gajimare ya taso."

Ta tura ni tsakar gida kamar da wasa. Muna shanya ina jiyo ta: ta tafasa ruwa ta zubar, ta daddaka citta da tafarnuwa, na ji ƙarar kwalbar ruwan waken suya, na ji ƙanshin giyar shinkafa. Da za ta fita ta leƙo.

"Gwaggo, don girman kakanni kada ki buɗe murfin. In tururin ya fita sai an ƙara rabin awa."

Ta hau babur ɗinta ta tafi.

Na daure har tsakar rana. Ni ba mai leƙe-leƙe ba ce, amma madafin nan nawa ne shekara talatin, ba wanda zai kafa mini doka a cikinsa. Ƙanshin ma bai yi mini kama da na haƙarƙari ba. Akwai danƙo a cikinsa, irin na fata da jijiya.

Na sa tsumma na ɗaga murfin.

Ƙafar alade ce. Ƙafafun gaba guda biyu, an sassara su da kyau, sun fara yin ja a cikin romo, ga dafaffen ƙwai a gefe.

Na mayar da murfin, na tsaya ina tunani. Ƙafar alade da doguwar taliya ba abincin baƙi ba ne. Ana yi wa wanda ya fito daga kurkuku, ko wanda ya tashi daga doguwar jinya, don a wanke masa baƙar sa'a. A gidanmu ba wanda aka ɗaure, jinyar Tien-fu kuwa ta shekara.

Sai na shiga bincike. A bayan buhun shinkafa na samo ƙullin taliya, an ɗaure tsakiyarsa da jar takarda. Ba tamu ba ce. Gidan da yake jan taliya tun zamanin kakanmu, wanda duk garin Lukang ya san shi, a ce an sayo taliya daga waje an shigo da ita a ɓoye!

Na ɗaga kai na dubi kalandar da ke bango. Karatuna bai yi nisa ba, amma na iya gane wata. Shekarar bana wata goma sha uku gare ta, kuma muna tsakiyar watan ƙari.

Na zauna a kan buhun.

A watan ƙari kwanan tsofaffi yakan ragu, haka muka taso muka ji. Shi ya sa 'ya takan sayo ƙafar alade da doguwar taliya daga waje ta kawo wa iyayenta, ta ƙara musu kwana. Amma ba kowace 'ya ba. 'Yar da ta yi aure ta bar gida, ita ke kawowa.

"Yaya! Wannan ƙanshi haka, me take dafa mana?"

Tien-fu ne ya leƙo, duk jikinsa fulawa. Na yi maza na tura ƙullin taliyar bayan buhun.

"Fita mini daga madafi da ƙafarka mai datti."

"In ɗan ɗanɗana mana."

"An ce kada a buɗe. Kai kurma ne?"

Ya yi dariya. "Yau kuma ke ake ba umarni kina bi? Lallai duniya ta gyaru." Ya juya zai tafi, sai ya tsaya. "Yaya, na san ta ji zafina. Amma Po-wen yaron kirki ne, kantin maganinsu nan kusa, kullum zan riƙa ganinta. Wata rana za ta gode mini."

"Je ka juya taliyarka, ta bushe ta gefe ɗaya."

Ya tafi yana fito. Ni kuwa abincin rana ma ban iya ci ba.

Ƙarfe huɗu da rabi na ji tsayuwar babur. Tana shigowa madafi na rufe ƙofa na jingina da ita, na ajiye ƙullin taliyar a gabanta.

Murmushin ya ɓace.

"Kin buɗe."

"Na buɗe. Ba ni katin shaidarki."

"Gwaggo…"

"Ba ni, na ce! Juya mini bayansa."

Ta ciro shi daga jaka. Na kai shi bakin taga, na nemi gurbin da ake rubuta sunan miji. Na san wurin sarai, don nawa shekara saba'in da ɗaya yana nan fari fat.

Nata ma babu komai.

Na sauke ajiyar zuciya. "To wannan wane irin hauka ne? Budurwa da ƙafar alade a watan ƙari, a gaban uwar mijin da za ki aura? So kike a yi da mu a kasuwa?"

Ta sake sa hannu a jaka ta fito da takarda a ninke, ta buɗe a kan tebur, ta durƙusa a gabana.

"Takardar aure ce. Ga hannuna, ga na Yao-ting. Shaidu biyu ake so. Wannan hatimin mahaifiyarsa ne." Ta ɗora yatsa a kan gurbin da ya rage. "Nan naki ne."

"Nawa? Ashe kin zare ban sani ba."

"Da na so, da tuni an gama. Abokan aikina uku sun ce za su sa hannu. Sau biyu ina zuwa har ƙofar ofishin rajista in juyo. Na kasa, Gwaggo. Na kasa yin aure ba tare da mutum ko ɗaya daga gidanmu ba, kamar wadda aka tsinta a tasha."

Hawaye suka ɓalle mata. Na kau da kai, don na san halina da kukanta.

"Kakanni sun ƙi," na ce.

"Kwano ne ya faɗi! Kwanon da kike ajiyewa a bakin kanta kullum, babbar mota ta wuce gida ya girgiza. Sau nawa kwano ya fashe a gidan nan ba wanda ya ce komai? Shekara biyar ina tare da Yao-ting. Ranar da aka kwantar da Baba, wa ya goya shi daga tsakar gida zuwa mota? Po-wen ne? Po-wen kwandon lemo ya aiko, shi ma uwarsa ce ta zaɓa."

"Rufe mini baki. Ba a raina mai aiko da lemo."

"Ba raini ba ne. Ko kallona ba ya yi, Gwaggo. In na yi masa magana sai ya dubi uwarsa kafin ya amsa."

Wannan gaskiya ne, amma ban ce mata ba.

"To abincin fa? Na gane ki sarai. Tarko kika ɗana wa ubanki. Kin san ba zai iya ture taliyar tsawon rai a watan ƙari ba, tsoro ba zai bar shi ba. In kuwa ya ci, ya yarda ke matar aure ce. Wa ya kitsa miki wannan? Makanikin?"

"Bai ma so ba. Ya ce zuciyar Baba ba za ta ɗauka ba. Ni na tilasta shi ya sayo ƙafar da taliyar."

"Ashe ya fi ki hankali."

"Gwaggo, ba ki ga Baba a satin nan ba? 'Yar gidan Lai ta kawo wa ubanta, 'yar mai gyaran keke ta kawo. Yana tsaye a bakin ƙofa yana kallonsu, yana shafa ƙirji. 'Ya ɗaya gare shi. Wani watan ƙarin sai nan da shekara biyu ko uku. Kin tabbata zai kai? Ni ban tabbata ba. Ina so in kawo masa, amma ba da sunan gidan Tsai ba."

Ta kama ƙafata tana sheshsheƙa. Na janye.

"Ƙanina ya ba ni amanar gidansa da 'yarsa. Ba zan haɗa baki da ke a bayansa ba. Tashi ki wanke fuska. Akwai kifi a firiji, mu soya, mu ɓoye tukunyar nan."

Ta miƙe a hankali, ta share ido, ta ninke takardar ta sa a aljihun rigarta.

"Ba zan soya kifi ba."

Kafin in yi magana muka ji sallamar baƙi a waje.

Uwargida Tsai mace ce mai gwal a kowane yatsa, in ta shiga gida idonta yakan riga ta zagayawa. Ta shafa kujera da yatsa kafin ta zauna. Po-wen ya zauna kusa da ita, ya haɗa gwiwoyi kamar ɗan makaranta.

"Kuna dai fama da fulawa," ta ce. "Ni da ƙura ba ma shiri. In Pei-shan ta zo gidanmu za ta huta."

"Ƙurar ce ta yi mata makaranta," na ce.

Tien-fu ya harare ni, ya zuba musu shayi. "Yau ita ta yi girkin da kanta. Tun safe tukunya ke kan wuta."

"Af, ashe ta iya? Po-wen, ka ji sa'arka. Amma shi ba ya cin mai da yawa. Ko ba haka ba?"

"Haka ne, Mama."

Ina jiyo Pei-shan a madafi. Taliyar nan siririya ce kamar zare, tsoma ta ake yi a tafasasshen ruwa a tsame nan take. Na yi ta fatan ta fasa. Sai ga ta da faranti, kwanuka biyar suna tururi.

Ta fara da ubanta. Ta ajiye kwanon da hannu biyu, ta sunkuya har ƙasa.

"Baba, kwana ya ƙaru, lafiya ta ƙaru."

Naman ya dahu lugub, fatar na sheƙi, ƙashi ya saki da kansa. Taliyar na naɗe a ƙasa, ba a yanke ko sili ɗaya ba.

Uwargida Tsai ta leƙa nata kwanon ta ƙyalƙyale da dariya.

"To fa! Wa aka sako daga kurkuku a gidan nan?"

Ba wanda ya taya ta. Ta dubi Tien-fu, ta ga fuskarsa ta yi fari kamar fulawar da ke gashinsa. Na ga leɓenta na motsi, tana lissafin wata. Dariyar ta tsaya cak.

"Dakata. Watan ƙari ne fa. Yarinya, ko zobe ba mu sa miki ba. Matar wa ce ke da za ki kawo wannan?"

"Katinki," in ji Tien-fu, muryarsa can ƙasa.

Ta miƙa masa. Ya juya, ya duba, ya sake dubawa, ya ajiye. Uwargida Tsai ta fizga ta duba ita ma, ta dafe ƙirji.

"Kai, har na tsorata! Ɗoki ne kawai. Ta ƙagu ta zama tamu. Po-wen, ci abinka, yarinta ce."

Po-wen ya ɗauki sandunan ci.

"Yao-ting ne ya sayo ƙafar," in ji Pei-shan. "Shi ya sayo taliyar. Da sunansa na kawo."

Po-wen ya ajiye sandunan, ya dubi uwarsa.

Ta ciro takardar ta shimfiɗa a tsakiyar tebur, ta durƙusa kusa da kujerar ubanta.

"Baba, ban yi a ɓoye ba, ga shi kana gani, shaida ɗaya ya rage. Ka tsine mini in kana so, amma ka ci. Ka ci ko loma ɗaya ce, ina roƙonka."

"Ni za a yi wa wannan wulaƙanci?" Uwargida Tsai ta miƙe. "A kira mu a ciyar da mu cefanen makanike? Malam Tien-fu, in ba ka iya da gidanka ba, ka faɗa mana!"

Tien-fu bai ko kalle ta ba. Ni ya kalla.

"Yaya. Kina gidan nan tun safe. Kin sani?"

"Tun tsakar rana."

"Kika zauna ina yi miki surutu kamar wawa."

"Na zauna."

Ya gyaɗa kai. Ya sa yatsa biyu ya turo kwanon gabana har romo ya zuba a tebur.

"Ba ni da 'yar da ta yi aure. Wannan ba nawa ba ne. Ɗauki ki zubar a kwata."

Pei-shan ta saki wani irin kuka, ta kifa kai a gwiwarsa. Bai taɓa ta ba.

Na ɗauki kwanon. Da zafinsa. Na yi taku uku zuwa ƙofar baya, na tsaya.

Ni ba soyayyarsu ce ta dame ni ba, kada wani ya yi mini wannan zaton. Yaran yanzu kowa da kukansa, in an biye musu ba a gama ba. Amma abin da ke hannuna kwanan ƙanina ne. An kira sunansa a kai, an sunkuya an ba shi, a watan ƙari. Yaron da na goya ina da shekara tara, wanda na kwana arba'in a gefen gadonsa bara, shi ne zan ɗauki tsawon ransa in juye a kwata da hannuna? Ya ci bai halatta ba, tunda ba matar aure ce ta kawo ba. A zubar kuwa, har in mutu ba zan ƙara barci ba.

Na juyo na mayar da kwanon gabansa.

"Kada wanda ya motsa."

Na shiga ɗakina, na buɗe akwatin ƙarfe, na ɗauko hatimina da jar tawada. Da na dawo har Uwargida Tsai ta rataya jaka, amma son ganin ƙwaƙwaf ya hana ta fita.

"Yaya," in ji Tien-fu. "Kada ki kuskura."

"Shekara talatin ban taɓa tsallake maganarka ba, alhali ni ce babba. A bayanka aka roƙe ni na ƙi. A gabanka zan yi."

Na dangwala, na hura, na danna a gurbin da duk ƙarfina. Da na ɗaga, sunana ya fito ja jawur.

"Ga 'yarka mai aure ta kawo maka. Ci kafin taliyar ta kumbura."

"Po-wen, tashi!" Uwargida Tsai ta fizgi hannun ɗanta. A bakin ƙofa ta juyo. "Gobe duk Lukang za ta ji."

"Ki fara da mai kifi," na ce, "ita ta fi saurin kaiwa."

Ƙofa ta rufu. Muka rage mu uku, ba abin da ake ji sai sheshsheƙar Pei-shan.

Tien-fu ya daɗe yana kallon kwanon. Jijiyar wuyansa na bugawa, ni kuwa idona na kan ƙirjinsa, ina tuna inda na ajiye maganinsa. Can ya ɗauki sandunan ci. Ya kamo taliyar ya ɗaga sama, ya ƙara ɗagawa har hannunsa ya miƙe, ya kai baki ya zuƙe ta gaba ɗaya, bai bari haƙori ya taɓa ta ba. Hawaye na bin kumatunsa yana haɗiyewa.

"Baba…"

"Kada ki ce mini Baba tukuna." Ya goge baki da bayan hannu. "Na ci don yayata, ba don ke ba. Yau Juma'a, ofis ba ya buɗewa sai Litinin, kuma takarda ba ta fi ƙarfin wuta ba."

Ya miƙa hannu ya ɗauke ta daga tebur, ya ninke, ya sa a aljihun ƙirjinsa, ya ɓalla maɓalli.

"Ki gaya wa makanikin nan ya same ni gobe kafin gari ya waye, wurin kwaɓa fulawa. Shi kaɗai. Ya kankare farcensa kafin ya zo."